Aikin kyamarorin gona: daga ɗakin ajiya zuwa katangar baya

Asabar, 12 ga Afrilu

Na buɗe wannan littafi ne don kada lissafi ya kuɓuce mini kamar lokacin ginin ɗakin kaji, da har yau ban san nawa ya ci ba. A watan jiya an tsallaka da raguna biyu ta katangar baya, Baba maigadi yana bakin ƙofa bai ji ko motsi ba. Ban ga laifinsa ba. Gonar doguwa ce siririya, mutum ɗaya ba zai tsare gaba da baya lokaci guda ba, ga kuma raguna 24 da nake turka na Babbar Sallah.

Yau ni da ɗan yayana muka ja tef. Na'urar naɗar bidiyo za ta zauna a ɗakin ajiya, tunda nan inbata da batura suke. Daga nan zuwa ƙofar shiga mita 35 ne, zuwa ɗakin kaji 80, zuwa garken raguna 190, zuwa kusurwar katangar baya 340. Biyun farko ba abin magana ba ne. Biyun ƙarshe su ne aikin, domin wayar netwok, ko Cat5e ko Cat6, iyakar da aka yanka mata mita 100 ce tsakanin na'ura da na'ura. Kuma a wannan ɗarin ma, 90 ne na wayar da aka shimfiɗa, 10 na guntayen da ake jonawa a kowane ƙarshe. Yaron ya ce, "Kawu, ai sai mu matsar da na'urar tsakiyar gona." Na ce masa a ɗakin wa, kuma da wace wutar?

Talata, 15 ga Afrilu

Na shiga gari sayayya. Kyamarori huɗu masu megafiksel 4, kowace ₦68,000. Na'urar naɗa da faifan tera 2, ₦185,000. Suwic, akwatin da ake jona wayoyin kyamarori a jikinsa, mai baki takwas mai PoE, wato wanda ke tura wuta da bidiyo a waya ɗaya, ₦62,000. Kawunan RJ45 da ake matsewa a bakin wayar netwok, da filayar matse su, da testa mai gwada wayar, ₦21,000. Waya kwali biyu, kowane mita 305, a ₦48,000 kwali ɗaya. Akwai wata da suka ce ₦165,000 kwali ɗaya, na yi dariya na wuce. Duk biyun Cat6 aka rubuta a jiki. Jimillar yau ₦636,000.

Na zaɓi wannan suwic ɗin ne saboda wani ɗan maɓalli a gabansa. In ka tura shi, bakunan sukan sauko daga megabit 100 zuwa 10, amma sai su iya jan waya har wajen mita 250. Kyamara ɗaya ba ta wuce megabit 4 zuwa 6 ba, don haka 10 ta ishe ta. Da wannan nake sa ran kama garken raguna. Katangar baya kuwa ban san yadda zan yi da ita ba tukuna.

Asabar, 19 ga Afrilu

An fara haƙa. Ƙasar bazara kamar kankare, diga na tashi da tartsatsi. Mun daidaita da samari huɗu a ₦350 kowace mita, zurfin rabin mita. Sun so su yi iya tafin hannu biyu, na ƙi, saboda da damina garmar shanu na bin gefen nan. Fayif ɗin roba guda 130 a ₦1,400. Na sa a bar ɗan rami mai murfi duk bayan kimanin mita 50, don in za a ja waya kada a ja ta gaba ɗaya lokaci guda. Ramin wayar janareta daban yake, na hana a haɗa su wuri ɗaya.

Laraba, 23 ga Afrilu

Haƙa ta ƙare, mita 380, ₦133,000. An binne fayif da igiyar nailan a ciki. Kuɗi ya kai ₦951,000.

Asabar, 26 ga Afrilu

Mun zura waya uku. Matse kai ya ba ni wuya fiye da yadda na zata. Jerin da na bi a kowane ƙarshe shi ne fari da lemo, lemo, fari da kore, shuɗi, fari da shuɗi, kore, fari da ruwan ƙasa, ruwan ƙasa. Na lalata kawuna bakwai kafin hannuna ya faɗa, kuma na lura zaren wayar na karyewa da sauƙi in ka miƙar da shi sau biyu. Na ɗauka rashin iyawata ce.

Kafin la'asar ƙofa da ɗakin kaji sun fito tas. Ta garke ta ƙi, fitilar bakinta na ƙiftawa tana mutuwa. Na tura maɓallin nan, cikin minti ɗaya sai ga raguna a allo suna tuƙa. Baba maigadi ya tsaya yana kallo, ya ce, "Alhaji, wancan mai baƙin wuyan ai yanzu na baro shi a kwance." Na koma gida ina jin na gama rabin aiki.

Lahadi, 27 ga Afrilu

Ban gama ba. Da safe na duba abin da aka naɗa cikin dare, na tarar kyamarar garke ta ɗauke tun bayan magariba. Tana dawowa na daƙiƙa kaɗan, ta sake mutuwa, haka har gari ya waye. Da rana kuma lafiya lau kamar ba ita ba. Kyamarar da aka saya don dare ta zama ta rana.

Alhamis, 1 ga Mayu

Kwana huɗu ina fama. Na sake matse kawunan, ba canji. Na sauya bakin suwic, ba canji. Na ciro kyamarar na kawo ta ɗakin ajiya na jona da guntuwar waya, na rufe ta da kwali don ta ɗauka dare ne, ta yi aiki ba tangarɗa. Ashe ba ita ba ce.

Yau hutun ma'aikata, na samu wani abokina mai aikin sola ya zo da mitarsa. Ya sa yaron ya je can ƙarshe ya murɗe zare biyu wuri ɗaya, shi kuma ya auna daga nan: ohm 80 da 'yan kai, wato yawan tirjiyar da wayar ke yi wa wuta. Ya girgiza kai, ya ce a ba shi reza. Ya kankare zare ɗaya, jan ya tafi, fari fat ya bayyana a ciki. Ya ɗora masa wutar laita, zaren ya lanƙwashe ya zube kamar tokar sigari. Alminiyam ce aka shafa wa jan ƙarfe a sama, irin wadda 'yan sana'ar ke kira CCA, ga ta kuma siririya. Na duba kwalin sama da ƙasa, babu inda aka faɗa.

Bayanin da ya yi mini ya zauna. Suwic na tura wajen bolt 48. Da rana kyamara na cin wat 4 ko 5 ne, wayar na iya kaiwa ko da ƙyar. Da duhu ya shiga sai fitilun ganin dare su kama, cin wutar ya doshi wat 12 da aka rubuta a jikinta. Alminiyam ba ta kai jan ƙarfe wuce da wuta ba, kusan kashi 60 cikin 100 ne nata, don haka wutar na zubewa a hanya, abin da ke isa ƙarshe ya gaza, kyamara ta mutu. Da ta mutu fitilu sun mutu, wuta ta dawo, ta tashi, ta ga duhu, ta sake kunna fitilu, ta sake mutuwa. Maɓallin mita 250 bidiyo yake taimaka wa, ba ruwansa da wuta. Wannan ne ban gane ba ranar da nake dariya a shago.

Na koma wurin mai shagon da guntun wayar a aljihu. Ya ce, "Alhaji, ai ba ka ce mai jan ƙarfe zalla kake so ba." Ban tsaya musu ba, gaskiyarsa ce ta wani ɓangaren. Araha ba ta ado.

Asabar, 3 ga Mayu

Kwali biyu na jan ƙarfe zalla daga wani wuri daban, ₦330,000. Kafin in biya na kankare a gabansu, kuma ko a hannu kwalin ya fi wancan nauyi nesa ba kusa ba. Mun ɗaura sabuwar a wutsiyar tsohuwar muka ja. An auna: ohm 28. Na kwana a gona don in gani da idona. Ƙarfe uku na dare raguna na nan a allo, idanunsu na ƙyalli kamar na maguna. Na ƙofa da na ɗakin kaji na bar su da tsohuwar waya tunda gajeru ne, kodayake raina bai kwanta da su ba.

Talata, 6 ga Mayu

Ranar tunani ce kan mita 340. Hanyoyi huɗu na gani.

Akwai tsohuwar kyamara irin ta analog, a saka mata balun, ɗan abin jona ta da wayar netwok, a kowane ƙarshe a tura hoton ta wayar netwok. Tana cin nisa fiye da mita 100, amma hoton na dusashewa in tafiyar ta yi tsawo, ga wuta sai an kai mata daban, ga na'urar naɗata ba ta karɓar irinta. Na ajiye wannan. Akwai eriya biyu masu kallon juna ba waya, sai dai bishiyoyin mangwaro shida da darbejiya sun tsaya a tsakani, kuma ba zan sare mangwaron mahaifina don kyamara ba. Akwai faiba, wayar gilashi mai tura sigina da haske, wadda abokina ya nace a kanta, amma ba ta ɗaukar wuta, sai an kafa sola a can ƙarshe, kuɗin ya yi mini yawa. Sai ta huɗu: ƙananan na'urori masu sabunta sigina, da ake sakawa a tsakiyar waya, suna ci daga wutar PoE ɗin, kowace ta ƙara maka mita 100. Uku za su kai ni. Wayar ma ina da ita. Ita na zaɓa, duk da ya ce mini, "Mita 340 na jan ƙarfe a fili, ga damina na tafe? Ka dai yi tunani."

Asabar, 10 ga Mayu

Na'urori uku ₦66,000, akwatunan roba masu hana ruwa ₦12,000. Mun saka su a mita 90, 180 da 270, sauran 70 har katanga. Bakin suwic ɗin na iya ba da wat 30, don haka bayan ukun sun ci nasu akwai abin da ya rage wa kyamara. Ta fito, dare da rana. Kyamarori huɗu cif. Kuɗi ₦1,359,000.

Na yi lissafin faifai: huɗu a megabit 4 kowace, megabit 16 ke nan, wajen giga 170 a yini. Tera 2 zai riƙe kwana 11 kafin ya fara share na baya. Ya ishe ni.

Laraba, 14 ga Mayu

Ba labari. Na saka ƙaramar rauta mai layin waya don in riƙa leƙawa daga gida. Ta cinye data giga 3 a yini biyu kafin in gano akwai ƙaramin hoto da ake zaɓa don kallon waya.

Asabar, 17 ga Mayu

Katangar baya ta ɗauke da tsakar rana. Akwati na biyu tururuwa sun shiga sun tara ƙasa har cikin bakin waya. Na kakkaɓe, na toshe ƙofofin da silikon. Abin da ya dame ni shi ne sai da na buɗe ramuka biyu kafin in gano inda cutar take. Kowane haɗi a hanya wurin lalacewa ne, yanzu ina da kawuna takwas a layi ɗaya.

Alhamis, 22 ga Mayu

Jiya da daddare aka yi ruwan farko mai ƙarfi, da iska da tsawa. Baba maigadi ya kira ni wajen sha ɗaya, ya ce an yi wata ƙara kamar sama ta tsage ta wajen gonar maƙwabci, sai allo ya yi baƙi, kuma yana jin ƙauri a ɗakin ajiya. Na ce ya kashe inbata ya fita.

Da safe na je. Suwic ya mutu, bakin da ke zuwa katanga ya yi baƙi har robar ta narke ta manne da kan wayar. Na'urori ukun nan duk sun tafi, ta ƙarshen da na buɗe ta akwai tabon ƙuna a allonta kamar an ɗiga mata garwashi. Kyamarar katanga ma ta tafi. Allah ya taƙaita, na'urar naɗa da inbata da sauran kyamarori uku sun tsira, ba kuma wanda ya ji ciwo.

Tsawar ba a kanmu ta sauka ba, babu ko reshe da ya ƙone a gonata. Abokina ya ce ba sai ta sauka a kanka ba. In ta faɗi kusa, ƙarfin wutar da ke cikin ƙasa a wancan ƙarshen gona da na wannan ƙarshen sukan bambanta na ɗan ƙiftawar ido, doguwar wayar jan ƙarfe kuma ta zama gadar da za ta bi. Binne ta da na yi bai hana komai ba. Bai ce "na faɗa maka" ba, shirun nasa ya fi ciwo. Abin da ya ƙara ba ni haushi shi ne ban saka ko na'urar kare tsawa ɗaya ba, ban kafa sandar ƙasa ba, ina ta cewa sai mako mai zuwa. Saura kwana 15 Sallah, raguna sun yi ƙiba, kuma yanzu ne masu ido a kansu suka fi yawa.

Na ɗauki wani yaro ya riƙa kwana a baya har zuwa Sallah, ₦2,500 kowane dare. Ban saka shi a lissafin aikin ba.

Asabar, 24 ga Mayu

Sabon suwic ₦65,000, ya hau dubu uku a wata guda. Na'urorin kare tsawa na wayar netwok guda shida a ₦9,500, ɗaya a kowane ƙarshen waya ukun da suka rage. Sandunan jan ƙarfe da waya mai kauri ₦30,000. Na'urar kare tsawa da ba a haɗa ta da ƙasa ba ado ce kawai, domin ba ta da inda za ta zubar da abin da ta tare. Mun kafa babbar sandar a bayan ɗakin ajiya inda ruwan alwala ke zuba, wurin ba ya bushewa. Kyamarori uku sun dawo.

Na yanke shawara: katangar baya faiba za a yi.

Laraba, 28 ga Mayu

Na sayo faiba mita 400 a ₦260, irin wadda ke cin kilomitoci, ta mu ko ɗumi ba za ta ji ba. Na kusa sake yin kuskure. Wadda aka fara miƙo mini akwai zaren ƙarfe a jikinta don ƙarfafa ta, irin ta ratayawa a turaku. Da na ɗauka, da na sake shimfiɗa wa tsawa hanya. Na sa aka nemo mai zaren roba, babu ƙarfe ko kaɗan. Kwanbata biyu masu juya siginar netwok zuwa haske ₦38,000. Ɗaya an rubuta A, ɗaya B, kuma dole a haɗa A da B: wannan na aikawa da haske mai nanomita 1310 yana sauraron 1550, wancan akasin haka, shi ya sa zare ɗaya ke isar su. Sabuwar kyamara ₦70,000.

Asabar, 31 ga Mayu

Ranar wahala. Ruwa ya shiga fayif da laka, tsohuwar wayar ta maƙale tsakanin rami na huɗu da na biyar. Faiba ba a fizgar ta kuma ba a lanƙwasa ta sosai, gilashi ne siriri kamar gashi a ciki. Ɗan yayana ya gaji ya so ya ja da ƙarfi, na daka masa tsawa, daga baya na ba shi haƙuri. Sai da muka tone mita shida muka tarar fayif ya rabu a mahaɗa, saiwar darbejiya ta ture shi. Muka gyara, muka wanke da ruwan tiyo, muka zura a hankali rami zuwa rami. Magariba ta same mu muna tura mitocin ƙarshe.

Litinin, 2 ga Yuni

Mai haɗa faiba ya zo a babur da 'yar na'urarsa, ₦25,000. Ya fere, ya goge da sufirit, ya yanke, ya jera bakin biyu a ciki, ɗan tartsatsi ya narkar da su suka zama ɗaya. Minti 40 ya gama duk ƙarshen biyu. Ya saka wata 'yar tocila mai jan haske daga ɗakin ajiya, na taka har katanga na ga jan ɗigo na ƙiftawa a bakin zaren. Ya gargaɗe ni kada in leƙa ciki in kwanbata na kunne, haskenta ido ba ya gani amma yana iya yi masa illa.

Laraba, 4 ga Yuni

Solar katanga. Kyamara da kwanbata na cin kimanin wat 10 in aka haɗa dare da rana, wato wat-awa 240 a yini. Faranti mai wat 180 ₦75,000, batir mai amfiya-awa 100 ₦150,000, kwantirola ₦18,000, turke da akwatin ƙarfe mai kwaɗo ₦40,000. Batirin zai riƙe kwana biyu da ɗoriya ba rana in ba a zuƙe shi ƙasa da rabi ba. Kyamarar na karɓar bolt 12 kai tsaye, kwanbata bolt 5 take so, sai da muka saka mata ɗan abin rage wuta. Waya tsakaninsu mita ɗaya da rabi, duk jan ƙarfen da ya rage a wajen ke nan. Ƙarfe biyar da rabi hoto ya fito. Jimilla ₦2,031,000. Kuɗin faiba da sola duka ₦450,000 ne, shi na gudu a watan Mayu.

Talata, 10 ga Yuni

An yi Sallah ranar Juma'a. Raguna 22 sun tafi, biyu na gida. Babu wanda ya tsallako. An yi tsawa daren Lahadi, na zauna a gida da waya a hannu ina jira allo ya yi baƙi, bai yi ba.

Asabar, 14 ga Yuni

Wayata na ta ƙarar gargaɗin motsi cikin dare, sau 60 a dare ɗaya. Gizo-gizo ne ya yi saƙa a gaban kyamarar katanga, ƙwari na zuwa wa fitilun, shi kuma yana zuwa wa ƙwarin, zaren na haske fari kamar igiya a hoto. Na ɗaura tsumma a doguwar gora na ba Baba maigadi, duk yamma ya share.

Abin da ya rage: wayar garke har yanzu jan ƙarfe ce mita 190, kariyar da aka saka mata ce kawai gatanta. Faibar ta wuce ta gefen garken, amma zare ɗaya ne a cikinta. Da na sayi mai zare biyu ko huɗu, da yanke ta kawai za a yi a rami na huɗu a ciro ɗaya. Zan tambayi mai haɗawa ko a saka ƙaramin suwic mai bakin faiba biyu a garke, kodayake shi ma sai da wutarsa. Wayar alminiyam ta ƙofa da ɗakin kaji za a cire da ragowar jan ƙarfen da muka zaro, bayan an auna ta. Murfin rami na uku ya tsage, a sayo wani ranar Litinin.